Daminar da Maigidana Ya Yi wa Filasta Ban Ruwa

Ruwan bana ya sauka da wuri, kuma tun da ya sauka bai ba kowa sararin shanya ko tsumma ba. Ɗana Bulus yana gini a Ikara, mako biyu ke nan yana ƙorafin cewa silin ɗin da ake yi masa ya ƙi bushewa. Ranar Talata na ce bari in je in gani, ba don na san wani abu a harkar gini ba, sai don zaman gida ya ishe ni. Na tarar da mai aikin tsugune gaban bokiti, yana barbaɗa wani farin gari cikin ruwa yana damawa da hannu.

"Sannu da aiki," na ce.

"Yauwa Mama, sannu da zuwa. A dai kula da zane, abin nan yana ɓata kaya."

Na sunkuya na taɓa ragowar da ya kwaɓa ya bari a kan katako. Da ɗuminsa, kamar tuwon da aka kwashe ɗazu. Ina jin ɗumin nan a tafin hannuna sai raina ya ɓaci, ɓaci sabo fil, a kan abin da ya wuce da shekara talatin da 'yan kai. Garin da masu silin ke kira POP, shi ne dai wanda aka naɗe ƙafar maigidana da shi a asibiti, can kuma filasta suke ce masa. Na san shi sarai. Damina guda muka yi da shi a ɗaki ɗaya.

A lokacin muna ƙauye, tsakanin Ikara da Makarfi, da rafi tsakaninmu da titi. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana Iliya wanda kowa ke kira Baban Talatu, da Iya mahaifiyarsa, da ita Talatun tana shekara uku. Ina kuma ɗauke da ciki wata shida. Gonarmu ta tudu ce, dawa da masara da 'yar gyaɗa a gefe. Mu matan wajenmu muna fita gona, amma kowa ya san nasa: shi huɗa da noman ƙarfi, ni shuka da tsintar ciyawa da kai abinci.

Ruwan shuka ya zo ranar wata Laraba da la'asar, bayan zafin da ya sa har kaji suna yawo baki buɗe. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa ya fito da iri. Washegari Baban Talatu ya aro bijimai biyu wurin wani Bafulatani abokinsa, ya shiga huɗa. Ina bakin gona da ƙwaryar iri sai wani abu ya ciji bijimi ɗaya, ya zabura, garma ta fizge daga hannunsa ta juyo ta daki ƙwaurinsa na dama. Daga inda nake na ji ƙarar karyewar. Ko da na isa, tafin ƙafar yana kallon gefe, shi kuma yana tambaya ko an kama shanun mutane.

Tun a tsakar gida aka fara gardama. Iya ta ce a kira maɗori.

"Kakansa ya karye, maɗori ya ɗora shi. Ubansa ya faɗo daga kan ɗorawa, maɗori ya ɗora shi. A ɗaure da kara, a gasa da ruwan zafi, a shafa man shanu. Me ya kawo asibiti?"

Ban saba musu da Iya ba, amma ranar na kafe. Na ga yadda ƙafar nan ta juya. Abin da nake tsoro guda ɗaya ne, kuma da shi na yi ta fama har damina ta fita: kada ƙashin ya haɗe a karkace. A ƙauye irin namu, namijin da ba ya iya bin garma an gama da shi tun yana da sauran ƙarfinsa. Aka cire ƙyauren ɗaki aka kwantar da shi a kai, maza huɗu suka tsallaka rafi da shi, lokacin ruwan bai wuce idon sawu ba. A bakin titi muka samu a-kori-kura zuwa Zariya.

A asibiti, bayan an ja ƙafar an daidaita ta, wani ma'aikaci mai furfura ya zo da daro cike da ruwa da naɗe-naɗen bandeji masu farin gari. Yana tsomawa, yana matsewa, yana naɗawa, tun daga yatsu har cinya, yana shafewa da tafin hannu. Maigidana da ɗazu yake nishi sai ya ɗago kai ya zuba wa aikin ido. Da ma rani huɗu ya yi yana zuwa cin rani Zariya wurin masu buga bulo, kuma tun daga nan babu wani abin kwaɓawa da za a yi a gabansa bai sa baki ba.

"Malam, na ji yana ɗumi," ya ce.

"Haka yake in zai kama. Yanzu za ka ji ya yi ƙarfi."

Kafin mu gama tattara kaya kuwa ya kama. Baban Talatu ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya ji ƙwas-ƙwas, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano sirrin sana'ar wani. Ma'aikacin ya dube shi, ya dube ni.

"Wata uku. Kada ya taka. Kada ruwa ya taɓa shi, ko kaɗan. Kun ji ko?"

Na ce mun ji. Maigidana ma ya ce ya ji. Da kunnena na ji ya faɗa.

To, a ce wa mutum kada ruwa ya taɓa abu a watan shuka, a ɗakin da jinkarsa ta shekara uku ba a sake ta ba. Ciyawar baibayar tana nan a jingine bayan rumbu, da ma cewa ya yi in ya gama huɗa zai hau. Duk hadarin da ya taso, sai in ajiye abin da nake yi in ruga ɗaki. In sa tasa nan, ƙwarya can, in ja tabarmarsa daga wannan ɗigon zuwa inda ban ga wani ba tukuna. Na samo buhun taki na wanke na shanya, na mayar da shi rigar ƙafa. Ko wanka zan yi masa, da tsumma nake goge shi, ƙafar tana can nesa a kan turmi. Talatu ta taɓa zuwa kusa da shi da moɗar ruwa, tsawar da na daka mata sai da ta yini tana ajiyar zuciya.

Iya kuwa ba ta daina gunaguni ba. Takan zauna bakin ƙofa tana tsinkar rama tana magana da kanta, amma da ƙarfin da zan ji.

"An rufe ƙafar mutum kamar an binne ta. Ba iska, ba gashi, ba mai. Ta ina za ta san ana son ta warke?"

Sau biyu ina kama ta da narkakken man shanu a cokali tana neman kafar da za ta tsiyaya. Shi kuma ya samu tsinken tsintsiya yana zurawa yana susa. In na ƙwace wannan, in dawo in tarar da wani.

Maƙwabta sun ƙarasa mana huɗar, Allah ya saka musu. Na yi shuka ni kaɗai, ina tafe ina tura ƙasa da diddige, cikin yana riga ni isa ƙarshen kunya. Shuka ta fito da kyau, ciyawa ta fito ta fi ta kyau. Wanda bai yi noma ba ba zai gane yadda harƙiya ke yi ba in ta samu ruwa kullum da gonar da ba namiji: ka nome nan yau, jibi ka waiwaya ka ga kamar ba ka taɓa zuwa ba. Masarar ta fara yin rawaya a cikinta.

Muka kira gayya sau ɗaya. Gayya kuwa ba a kiranta da baki kawai, sai da kunu da tuwo, mutum ashirin su ci su ƙoshi. Na shiga rumbu na share abin da ya rage na dawa, har da wadda ta zube a ƙasa. Maza suka zo ranar Asabar, matan zumunta na cocinmu suka taya ni girki, aka nome rabin gonar kafin rana ta karkata. Sauran rabin ya zama nawa, domin kowa yana da tasa ciyawar, ni kuma ba ni da abin da zan sake dafawa.

Daga nan muka koma ganye. Tafasa da safe, rama da rana, in an samu ɗan ƙuli-ƙuli a yi kwaɗo, in ba a samu ba a sa gishiri da barkono a rufe ido. 'Yar tsabar da wata ƙanwar Iya ta aiko daga Hunkuyi, kunu nake damawa da ita tsararo don Talatu da mai jinya. Icen girki duk ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi ya cika gida, idona ya yi ta ruwa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmin roba ya daina shiga. A gona na daina sunkuyawa, na koma durƙuso, ina jan gwiwa cikin kwarin kunya da fartanya a hannu. In na dawo, zanena da laka har ƙugu, sai in ga Baban Talatu ya dube ni ya kawar da kai. Na ɗauka kunyar zaman banza ce ke damunsa. Ashe shiri yake yi.

Ranar da na gane, bayana ne ya riƙe, na taso tun rana ba ta kai tsaka ba. Ina shiga gida na ga wani farin ruwa kamar tsinkakken nono ya bi ƙasa daga ƙofar ɗakinmu har rariya, kaji suna tattakawa suna barin farin sawu. Na bi shi da ido. Ga maigidana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ya miƙe ƙafa a kan dutsen niƙa, ya cire buhun, yana tsoma tsintsiya a ƙwarya yana yayyafa wa filasta ruwa, a natse, daga sama zuwa ƙasa. Ga Iya a gefensa riƙe da buta tana jiran ƙari.

"Baban Talatu, me nake gani?"

"A'a, sannu da dawowa. Yau kin taso da wuri."

"Na ce me kake yi?"

"Ban ruwa," ya ce, ko kunya babu.

Fartanya ta faɗi daga hannuna. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, irin yadda yake yi in zai koya wa mutum abin da ba a tambaye shi ba.

"Asabe, ki tsaya ki ji. Rani huɗu na yi ina buga bulo. Bulon da ba a ba shi ruwa ba, da hannu za ki murje shi. Kwana bakwai ake yi, safe da yamma, sannan ya zama dutse. Mutumin nan na asibiti, a gabanki ya tsoma abin nan a ruwa, ko ba haka ba? Ruwan ne ya ƙarfafa shi, ko ba shi ba? To, sau ɗaya ya ba shi. Marasa lafiya sun yi musu yawa, ba su da lokacin ƙarasa aiki."

"Cewa ya yi kada ruwa ya taɓa shi! Ko kaɗan, ya ce!"

"Haka suke gaya wa kowa, don kada mutum ya samu ƙarfin tashi."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana biyar. Saura biyu."

Na juya wajen Iya. Ta ɗaga butar ta nuna mini, wai in taɓa in ji.

"Da ɗuminsa nake ba shi, 'yar nan. Ba na sanyi ba ne."

Wato sun yi sulhu a bayana. Ita ta samu gashin da take nema tun ranar farko, shi ya samu ban ruwansa, ni kuma ina can ina wanke buhu ina tare ɗigon jinka da tasa. Icen da nake tsintowa da ƙyar, da shi ake ɗumama ruwan. Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na faɗi abin da mace ba ta faɗa wa miji a gaban uwarsa, na ƙara da wanda ba a faɗa ko a bayanta. Ya bar ni sai da numfashina ya ƙare.

"Kin gama? To, ni ma ki ji nawa. Kwana biyu ya rage ya yi ƙarfin da zan taka. Kina tsammani zan zauna nan ina cin kunun yarinya, ke kina rarrafe a gona da ciki wata bakwai? In kika faɗi can, wa zai gani?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma haushin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na durƙusa na danna filastan da babban yatsa wajen diddige, yatsan ya shige. Wajen ƙwauri, daidai karayar, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali. Na nuna masa. Ya duba ya ce ai haka bulo ma yake yi kafin ya kama.

Cikin da nake ɗauke da shi a lokacin, ita ce Rifkatu, yanzu tana koyar da kimiyya a sakandare. Ita ta zaunar da ni wata rana ta warware mini abin da na kasa faɗa wa ubanta a tsakar gidan nan.

"Mama, asalinsa dutse ne fari mai laushi, farce ma yana kankare shi. Akwai sinadarin kalsiyam a ciki, irin wanda ke cikin ƙashinmu, akwai kuma ruwa a ɗaure a jikin dutsen. In aka gasa shi sai yawancin ruwan ya fita, a niƙa ya zama gari. Kina zuba masa ruwa sai ya shanye daidai wanda wuta ta raba shi da shi, ya koma dutse. Ɗumin da kuka ji, na komawar ne. Amma da ya sha nasa ya gama. Duk ruwan da aka ƙara, cin sa yake yi a hankali. Siminti daban ne, shi kwanaki yake yi yana sha yana ƙara ƙarfi. A kan bulo Baba yana da gaskiya."

"Kada ki kuskura ki faɗi wannan ta ƙarshen a gabansa," na ce.

Ta ce har masu gyaran haƙori suna zuba shi su fitar da siffar baki, kuma akwai wanda ake tacewa likitoci su cike ramin ƙashi da shi, jiki ya shanye shi sannu a hankali, sabon ƙashi ya maye wurin. Na ce duk na ji, abu mai amfani ne, sai dai ba a yi shi don gidan da akwai tsohon mai buga bulo ba.

A ranar dai na kwashe buta da ƙwarya da tsintsiya na kai ɗakin girki, na sa shi ya yi mini alkawari. Ya yi. Kwana biyun da suka rage, daga baya na ji, da kofin shan ruwansa ya cika su.

Rana ta uku ina durƙushe a gona, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta fara kaɗa masara. Na ɗago don in ga ko zan kai ƙarshen kunya kafin ya sauko, sai na hango mutum a ɗaya gefen gonar, sanda a hammata, ƙafa cikin buhun taki, yana sara da hauya. Tun yaushe yake nan ban sani ba. Na ƙirga daga baya, kunya tara ya nome, kuma noma mai kyau, ba irin nawa na jan gwiwa ba. Na ƙwala masa kira, iska ta kwashe muryar. Na taso ina tafe ina zagi, ruwa ya kece. Ƙasar da ya nome ta zama taɓo nan take. Ina kallo ya cira ƙafar lafiyar zai tsallaka kunya, nauyinsa duka ya koma kan ɗayar, filastan ya lanƙwashe a tsakiya. Bai yi ihu ba. Ya zauna cikin ruwan a hankali, ya riƙe cinyarsa da hannu biyu.

Da aka kawo shi gida na ce a cire ƙyaure, Zariya za mu koma. Mazan suka dubi juna. Rafin da suka tsallaka da shi wancan karon yanzu ya kai wuyan babban mutum, yana tafe da itatuwa. Mai iyo shi kaɗai yakan ratsa, amma ba da kwantacce a ka ba. Aka ce a jira ya sauka. Sai marka ta kama, ruwa safe, ruwa rana, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Bangon ɗakin girki ya zube. Gishiri ya narke a cikin ƙoƙo, tabarmi suka yi fumfuna.

Iya ta samo kara ta jera a kan abin da ya rage na filasta, ta ɗaure da tsummokaran zane. Ban hana ta ba, ba ni da abin da ya fi shi. Ƙafar ta fara wari, wani wari mai tsami da ke riga mutum shiga ɗaki. Fatar ta saɓule a wurare, ina wankewa da ruwan gishiri inda hannuna ya kai. Baban Talatu ya daina gardama. Da a ce ya ci gaba da zancen bulonsa da na fi samun sauƙi, don in samu abin yi wa faɗa. Sai ya kwanta yana kallon jinka, in na kawo kunu ya ce a ba Talatu, shi ya ƙoshi.

Masara ta nuna a ƙarshen markar. Ranar da na gasa ta fari, Talatu ta cinye har tana tsotsar totuwa, Iya ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Ubangiji da hawaye. Rabin da aka yi wa gayya ya yi kyau, kunya taran nan ma sun yi, sauran kuwa sai a hankali. Bayan mako biyu, wata safiya ina shara, naƙuda ta kama ni, kafin rana ta take Rifkatu ta iso. Ubanta ya karɓe ta a kwance.

Sai da rafi ya koma gwiwa muka tafi Zariya, jaririya tana bayana da kwana goma sha biyar. Ma'aikacin nan mai furfura ya kwance tsummokaran Iya, ya zare karan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage na aikinsa kuma da hannu ya ɓare shi. Ya tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki zan zayyana, maigidana ya riga ni.

"Damina ce, Malam."

Mutumin ya tattara tsummokaran ya zubar. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka kai mu wurin likita, wani mai sanyin magana. Ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mana. Ko ni da ban yi makaranta ba na gani: ƙashin ya haɗe, amma ɗaya ya hau kan ɗaya, ya kuma karkata. Abin da na yi ta gudu tun ranar farko, ga shi a hannun mutum yana nuna mini da biro.

"Akwai gyara," in ji likita. "Sai an sake karya shi, a daidaita, a sa ƙarfe. Zai kwanta a nan wurinmu, da mai jinya a kusa da shi, kuma kafin ya taka ƙasa za a yi wata uku ko huɗu. In aka bar shi haka zai yi tafiya, amma da ɗingishi, aikin ƙarfi kuwa sai dai haƙuri. Yanzu ne lokacin, in ya ƙara ƙwari abin zai yi wuya."

Baban Talatu ya zuba wa hoton ido. Likita ya juyo wajena.

"An ce ke kika dage aka kawo shi wancan karon. Me kika ce, Maman jariri?"

Wata uku ina faɗa a kan ƙafar nan. Na yi da Iya, na yi da shi, na yi da 'yar shekara uku saboda moɗar ruwa. Ga wanda zai gyara ta yana tambayata. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne gyaɗa, wadda in ƙasa ta bushe ba a cire ta ba sai dai a bar wa ɓeraye. Da masarar da ke tsaye tana jiran karya, da dawar da za ta biyo baya. Mai jinyar da ake faɗa ni ce, babu wata. In muka zauna Zariya, Iya ce kaɗai a gida da Talatu, da rumbun da na share da hannuna. Mai ɗingishi kuwa yana iya zama ya ɓare masara, yana iya tsige gyaɗa.

Duk wannan a cikina ya tsaya. Na sunkuyar da kai, na kai hannu baya ina gyara goyon da babu abin da ya same shi.

Baban Talatu ya dube ni. Ya jira, ya ba ni lokaci mai yawa, har likita ya ajiye biro. Sannan ya laluba ya ɗauki sandarsa.

"Mun gode, likita. Allah ya saka da alheri. Gyaɗa muka bari a ƙasa."

Mun cire gyaɗar, mun karya masara, mun yanke dawa. Rumbu bai cika ba, amma ya kai mu wata damina. Shi kuwa bai sake bin garma ba. Duk shekara sai dai ya tsaya bakin gona, jingine da sanda, yana gaya wa wani yadda ake huɗa. In yana tafe, kafaɗarsa ta dama tana faɗawa a kowane taku, daga nesa ake gane shi.

Labarin ban ruwa babu wanda bai san shi ba a danginmu, kuma ni ce mai ba da shi. A biki, a suna, ranar Kirsimeti in 'ya'ya da jikoki sun taru, sai an ce in faɗa, in kuwa faɗa har da kwaikwayon yadda yake yayyafawa da tsintsiya. A yi ta dariya, shi ma ya yi, ya ce ai da an bar shi ya yi aikinsa cikin natsuwa da ba haka ba. Kullum a bakin rafi nake tsayar da labarin. Yana zaune yana ji, ya san inda na yanke, kuma shekara talatin da 'yan kai bai taɓa gaya wa kowa cewa likita ya tambaye ni na yi shiru ba.